Zazzaɓin Risiba a Kabad ɗin Hajiya

Ni dai karatuna na boko bai yi nisa ba. Ina tsakiyar firamare mahaifina ya zo ya tsaya bakin tagar aji, ya ce wa malam a ba shi aron yaronsa a dasa albasa, kuma har Allah ya yi masa rasuwa bai mayar da ni ba. Amma ɗan abin da na tsinta ya ishe ni in karanta sunan tasha a talabijin, ya kuma ishe ni in ba da shawara a kan abin da ban sani ba, wanda shi ne babban amfanin ilimi a hannun tsoho. To da wannan ilimin na tunkari ciwon risiba, shekarar da zafin bazara ya nemi ya raba ni da aminina.

Risibar, wato akwatin kama tashoshin talabijin, ɗiyata ce ta kawo mana ita, wadda ke aure a Bakura. Mijinta malamin makaranta ne, mai haƙuri da tsofaffi. Shi ya hau kwano ya kafa farantin, ya ja waya ta taga, ya haɗa da batirin sola, sannan ya zaunar da ni ya yi mani bayani a hankali kamar yana magana da kurma. Ya ce wannan ba irin ta kowa ba ce. Tana ɗaukar shiri ta ajiye a cikinta, ko kana gona, in ka dawo ka kalli abinka. Ya tambaye ni shirin da nake so. Na so in ce labaran duniya don mutuncina ya ƙaru a idonsa, sai bakina ya riga ni ya ce dambe. Akwai wata tasha da ke nuna damben mako da rana tsaka, lokacin da nake fadamar Bakolori. Ya saita ta a kan wannan, ya ce ita da kanta za ta riƙa ɗauka, ni dai kada in taɓa komi.

Ban taɓa ba. Maiɗakina ce ta taɓa.

Hajiya, kamar yadda unguwa ke kiranta, tana da kabad mai ƙofar gilashi a ɗakin da muke karɓar baƙi. Da gumin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta saye shi, kuma a gidan nan ni da kabad ɗin in aka ce a fitar da ɗaya waje ya kwana, na san wanda zai ɗauki tabarma. A ciki kwanukan samira ne jere, da tasoshi, da wasu kofuna na tangaran da tun da aka saye su ba su san ɗanɗanon ruwa ba. Surukinmu bai kai tasha ba ta buɗe kabad, ta matsar da kwanuka, ta yi wa risiba wuri a tsakiya. Ta ɗauko wani ƙyalle na saƙa mai tuntaye ta lulluɓe ta, ta bar ɗan idonta kawai yana leƙe. Wayoyin ta bi da su ta wata 'yar tsaga da ke kusurwar baya, ta toshe sauran da tsumma. Ta rufe gilashi, ta murɗa makulli, ta ɗaure shi a bakin zane.

Na ce wannan ba kwano ba ne. Ta ce kyautar ɗiya ce, kuma abu mai daraja ba a barinsa tsirara a kan tebur, kaji su hau, jikoki su latsa, ɓera ya ci waya yadda ya ci ta rediyona. Na danna rimot daga inda nake zaune, sai ga hoto ya fito ta cikin gilashi. Hujjata ta mutu nan take. Na gyaɗa kai irin na masu ilimi.

Yanzu bari in kawo aminina. Mahauci ne na Maradun, tare muka yi samartaka. Ina ce masa Sarkin Fawa, ko da yake babu wanda ya taɓa naɗa masa ko ɗankwali, shi kuma yana ce mani Malamin Albasa. Ya yi dambe da ƙuruciya, kamar yadda 'ya'yan mahauta ke yi, kuma in ka saurare shi bai taɓa faɗuwa ba. Ni na ga faɗuwarsa da idona a wani fage kusa da Dosara, amma ya ce santsi ne. Yanzu gwiwa ta hana shi tsayuwar fage. 'Ya'yansa suka karɓi sana'a, shi kuma yana biyo su kasuwar Talata nan Mafara, ya zauna a kara, wato kasuwar shanu, ƙarƙashin rumfa yana kushe shanun mutane.

Da can in kasuwa ta fara lafawa sai ya nufi mota, mu gaisa a tsaye. Da risiba ta zo sai abu ya canza. Yana idar da azahar zai biyo gida da sandarsa, da ɗan ƙunshin ƙashin miya na Hajiya. Za su yi gaisuwa mai tsawo ta bayan labule, gida, iyali, gajiya, hanya, gwiwa, shanu, har in fara hamma. Sannan mu baje kan tabarma in danna masa damben makon. Ana buga kalangu sai ka ga kafaɗarsa tana motsi ita kaɗai. Kowane ɗan dambe sai ya gyara masa tsayuwa. Ni kuma aikina ɗaya ne: duk wanda ya zaɓa, sai in zaɓi ɗayan. Mu yi ta musu har a kira la'asar, ya tashi da sauri, don hanyar Maradun yanzu ba a son yamma ta yi wa mutum a kanta.

Wanda bai tsufa ba zai ce wannan ƙaramin abu ne. Amma sa'o'ina da yawa sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka rage kuma in ka tsokane su sai su ce Allah ya kyauta. Mutumin da za ka ce masa ƙarya kake yi, ya ce kai ne babban maƙaryaci, sannan ku sha fura a kwano ɗaya, ba a samunsa a kowace kasuwa. Tun daga Laraba nake fara tanadin abin da zan faɗa masa Talata mai zuwa.

Haka muka ci sanyin shekarar lafiya lau. Da bazara ta kankama, irin wadda ko ƙadangare ke ɗaga ƙafa in ya taka dutse, sai risiba ta fara halin banza. Za mu zauna, a yi turmin farko, a shiga na biyu, ɗan dambe ya ɗaga hannu zai kai naushi, sai hoto ya tsaya cak. Hannun na sama, bakin mai kalangu a buɗe. Daga nan sai baƙi. Wani makon ta ɗauki rabi, wani makon ta ɗauki gaisuwar mai gabatarwa kawai ta kwanta.

Sarkin Fawa ya yi haƙuri da farko. Ranar da muka zauna ba ta ɗauki komi ba sai tallan sabulu, ya daɗe yana kallon baƙin gilashin, sannan ya jawo sandarsa.

"Malamin Albasa, wanga akwatin naka ya tsuhwa kamar mai shi," ya ce. "Gwiwata ba ta jan hanya don ta zo ta kalli sabulu."

Na ɗauka wasa ne. Talatar da ta biyo na shimfiɗa tabarma, Hajiya ta dama fura, aka yi azahar, aka yi la'asar, shiru. Sai ɗansa ya biyo da ƙashin miyan, ya ce baba na gaisuwa, ƙafa ce ta matsa, ya wuce mota. Na san halin mutumina. Ba zai iya zuwa gidana haka kawai ya ce ya zo hira ba, kunya za ta kashe shi, ni ma ba zan iya ce masa ina kewarsa ba. Dambe ne ya rufa mana asiri mu duka. Babu dambe, babu dalili.

Hajiya ce ta gano ciwon, wannan kam ba zan ci haƙƙinta ba. Ana suna a maƙwabta, ta buɗe kabad za ta ɗauki samira ta zuba abinci, hannunta ya gogi risiba. Ta janye da sauri ta ce abin nan zazzaɓi yake yi. Na sa tafin hannu ƙarƙashin ƙyallen. Wallahi da an fasa ƙwai a kai da an ci. Har kwanukan da ke kusa da ita sun ɗauki ɗumi.

Na gyara murya na ce maganin a fili yake, a fito da ita waje. Ta ce ba ta fita. Na ce to a bar ƙofar kabad a buɗe. Ta dube ni kamar na ce ta je kasuwa ba mayafi, ta ce kabad a hangame alamar gidan da babu mace ne, kuma duk wadda ta shigo sai ta kai labarin har Jangebe. Na ce to a cire ƙyallen. Nan ma muka yi doguwar muhawara, don ita a ganinta ƙyallen ne ke tare zafi. Ta ce ai ni ma da rana tsaka nake naɗa rawani in tafi gona, ban taɓa cewa rawani ya ƙara mani zafi ba. Na laluba cikin karatuna kaf, ban sami inda aka yi maganar rawani ba.

Sai na koma ga abin da na gada. A gidan nan mun san yadda ake sanyaya abu tun kafin a ƙirƙiro firij. Randa kan jiƙaƙƙen yashi take zama, a lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu, ruwa ya yi sanyi har ya kama haƙori. Na ce abin da ya yi wa randa zai yi wa risiba, ai duka baƙaƙe ne masu ajiye abu a ciki. Na jira Hajiya ta ba ni makulli da sunan zan duba waya. Na cika wata tasa da yashi na jiƙa shi sharaf na ajiye a gefe. Na yanko buhun algarara na tsoma a ruwa, na matse, na shimfiɗa a kan katakon da ke sama da ita. Kullum da safe kafin in tafi fadama sai in ƙara yayyafi. Na ce wa Hajiya wannan kimiyya ce, kada ta sa baki.

Kimiyya ta yi aiki, sai dai ba ta inda na nufa ba. Gilashin kabad ya fara gumi ta ciki har ba a ganin kwanuka. Ɗakin ya ɗauki wari irin na rijiyar da aka daina ja. Risiba kuwa ba ta fasa suma ba, sai ma ta ƙaro wani sabon salo, tana kunna kanta tana kashewa kamar mai shaƙuwa. Ranar da Hajiya ta kwashe kayan ta duba, bakin kwanukan samirarta ya fara jan tsatsa, wani baƙin tabo kuma ya fito a jikin katako.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa da na ji sauƙi. Ta dai zaɓi kwanon da ya fi kowane tsatsa, ta zuba mani tuwo a ciki, ta ajiye a gabana da ladabi, ta ce a ci lafiya, Injiniya.

Washegari na kira surukina a waya. Bayan mun gama gaisuwa na ba shi labari, na ɗan rage yawan ruwan da na zuba. Na ji yana danne dariya da tari. Ya ce ruwa ne babban abokin gabanta, Allah ne ya tsare ba ta ƙone ba. Ya ce tana da ƙananan ramuka a sama da gefe da take fitar da zafi ta nan, ƙyallen ya toshe su, ɗan abin da ya fita kuma ba ya da inda zai je sai ya dawo mata. Iska kawai take so. In har dole sai ta zauna a kabad, to a huda bayansa, ƙasa da sama, iska mai sanyi ta shiga ta ƙasa, mai zafi ta fice ta sama.

Yana faɗin haka na ce ai na sani. Kuma a wani ɓangaren ban yi ƙarya ba, don haka muke ajiye albasa. Ba a zuba ta a ƙasa, ba a rufe ta ruf. Rudu ake yi mata, wato gadon kara a kan sanduna, iska ta bi ta ƙarƙashi ta fita ta sama, in ba haka ba ta dafa kanta ta ruɓe. Shekara da shekaru ina wannan. Abin da ya hana ni tunawa shi ne ban taɓa zaton abin da ya fito daga kwali da rubutun Turanci zai yi hali irin na albasa ba. Na ba shi girman da bai nema ba.

Saura babban aiki: wa zai ce wa Hajiya a huda kabad? Na gwada da safe, ta ce rami ƙofar ɓera ne. Na gwada bayan ta ci abinci, ta ce ban gama da kwanukanta ba zan koma kan katako. Na turo ɗiyarta ta waya, ta ce da ita su da suka kawo abin su zo su ɗauki kayansu. Na haƙura.

Talata ta sake zagayowa. Ban shimfiɗa tabarma ba. Na dawo daga masallaci na rasa inda zan sa kaina, sai na bi Hajiya madafa. Na ce wutar ta yi yawa. Na ce daddawar ta yi kaɗan. Na ce a zamanin mahaifiyata ba haka ake kaɗa miya ba. Duk musun da na tara na mako, wanda mai shi bai zo ya karɓa ba, na juye mata shi a kan tukunya. Ta jure har na kai ga gyara mata riƙon muciya. Nan ta ajiye ta, ta share hannu da zane.

"Malam, mi kake so?"

Na ce ba komi, taimako nake yi.

"Tahi ka kira kafinta," ta ce. "Gara a huda kabad da a huda mani kunne. Abokin nan naka in bai dawo ya raba ni da surutunka ba, ɗayanmu sai ya bar gidan ga."

Amma da sharuɗɗa. Ramukan a baya za a yi su, inda idon baƙo ba ya kaiwa. Kuma ba za a bar su a buɗe ba. Ta shiga ɗaki ta fito da tsohuwar rariyar tankaɗe, ta ce a yanke wayar a toshe kowane rami da ita, iska ta wuce, ɓera da kyankyaso su tsaya waje. Wannan dabarar ko surukina mai takardu bai kawo ta ba, ni ma da na so in ce tawa ce, amma akwai shaidu.

Kafintan unguwa ya zo da safe. Hajiya ta kwashe kwanukan da hannunta, ba ta yarda ko ɗaya ya bi ta hannuna ba. Muka juya kabad. Duk sanda kafinta ya sa ƙarfe a katako sai ta runtse ido kamar jikinta ake tsagawa. Ya yi jerin ramuka a ƙasa daidai inda risiba ke zama, ya yi wasu a can sama, ya buga wayar rariya da ƙananan ƙusoshi. Da za a mayar, muka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango. Ni kuma na samo karan dawa na fere, na ɗaure da zare, na yi ɗan ƙaramin rudu na ɗora risiba a kai, ƙasanta ya rabu da katako. Kafinta ya tambaya ko kaza za ta yi kwanci a nan. Na ce masa ya tsaya kan abin da ya koya.

Ƙyallen ne ya rage. Hajiya ba ta yarda abin ɗiyarta ya zauna ba sutura ba, sai ta shimfiɗa shi a gaban rudun, tuntayen suna reto a bakin katakon, suka ɓoye karan. Wanda ya kalla daga waje zai ga risiba zaune kan ado. Kwanukan ta matsar da su nesa kaɗan, bayan na wuni ina goge masu tsatsa da toka da lemun tsami a tsakar gida, matan maƙwabta suna leƙowa suna yi mani sannu da aiki da wata irin murya.

Ranar shirin ban je fadama ba. Na zauna gaban kabad da rana tsaka ina gadi. Ɗan jan idonta ya kama, alamar ta fara ɗauka. Can na zura hannu ta bayan kabad wajen ramukan sama, na ji ɗumi yana fita a hankali kamar numfashin jariri. Aka yi damben aka gama, ba ta ko yi tari ba. Na juya baya ga talabijin ɗin na toshe kunne wajen ƙarshe, don ban so in riga Sarkin Fawa sanin wanda ya yi kisa.

Talata na tafi kara da kaina. Na same shi ƙarƙashin rumfa yana gaya wa wani Bafulatani cewa sansa ƙashi ne da fata. Muka gaisa kamar jiya muka rabu. Na tambayi gwiwa, ya ce da sauƙi. Na ce ni wucewa nake yi, na zo duba kuɗin taki. Ya ce a kara ake sayar da taki yanzu? Na ce af, na kuma tuna, akwatin nan ya warke, akwai wani bahago da aka nuna makon nan, amma na san ba zai gane irin damben ba, na yaran zamani ne. Ya ce shi ba ya da lokaci. Na ce haka na zata. Na juyo.

Ban kai ƙofar gida ba na ji ƙarar sandarsa a bayana.

Suka yi gaisuwarsu da Hajiya, wannan karon ta fi ta kullum tsawo, har da tambayar dalilin da ya sa aka daina ganinsa. Ya ɗora wa gwiwa laifi, ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta turo fura. Na danna. Ya zaɓi bahagon tun kafin a gama ɗaure masa hannu, ni na ɗauki ɗayan, wani gajere mai kama da turmin daka. Turmin farko ba kisa. Na biyu ba kisa. Da aka shiga na uku na ga ya saci kallon kabad, yana jiran hoto ya tsaya. Bai tsaya ba. Gajeren nan ya sunkuya ya kawo wani naushi daga ƙasa, bahago ya zube warwas, ƙura ta tashi, mai kalangu ya rikice.

Sarkin Fawa ya ajiye ludayi. Ya ce a mayar baya. Na mayar. Ya ce a sake. Na sake. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, ya ce in duba da kyau, wai alƙalin ne ya tsaya wa yaron a gaba ya tare masa gani. Na ce alƙalin yana can gefe yana shan ruwa. Ya ce idona ya mutu, albasa ta cinye shi. Na ce ko makaho ya ji ƙarar faɗuwar nan.

Muna cikin haka aka kira la'asar. Ɗansa ya aiko a ce mota ta cika, shi kaɗai ake jira. Ya miƙe da ƙyar yana dafa bango, ya laluba takalmansa, yana ta faɗin a ajiye masa wannan kada a goge, zai zo da tabarau mako mai zuwa ya nuna mani inda aka yi zaluncin. Na raka shi har bakin titi, muna tafe yana kwatanta mani da sandarsa yadda shi da zai kauce.